Waziri Aku da 'Yan'uwansa na Daji

Duk wanda ya fita daga ajin yaƙi da jahilci, ya iya haɗa baƙi da wasali har ya karanta takarda shi kaɗai, da wuya ya daɗe bai gamu da Magana Jari Ce ba. In bai saya ba ya ara, in bai ara ba ya ji ana karantawa a zaure bayan sallar lisha. Wanda ya karanta kuwa, ko ya manta da sunan Sarki da na garinsa, ba ya mantawa da aku.

Littafin nan ya sha yabo, ya kuwa cancanta. An yabi daɗin Hausarsa, da ban dariyarsa, da hikimar da ke cikin labarunsa. Amma akwai wani awo da ba a cika yi masa ba, watau a ɗauki akun da ke cikin takarda a aza shi kusa da akun da Allah ya halitta a kurmi, a ga inda suka yi kama da inda suka saɓa. Watakila wani ya ce, ina amfanin wannan wahala, tun da kowa ya san labarin ƙage ne? Amfaninta shi ne, abin da mutane su ke faɗa game da tsuntsu shi ya kan zama hukuncinsa a hannunsu. Wanda aka ce mai albarka ne sai a bar shi ya yi sheƙa a tsakar gida, wanda aka ce ƙazami ne a jefe shi, wanda aka ce mai tsada ne a ɗana masa tarko. Sabo da haka za a fara duba aku, wanda ya sami littafi, sa'an nan a duba hankaka da ungulu da shamuwa, waɗanda rabonsu bai wuce kirari da karin magana ba.

Aikin aku a cikin littafin

Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, ya rasu a 1981, ya rubuta littafin a Zariya a 1936, zamanin da Dokta R. M. East ya ke shugaban ofishin talifi. Kashi na farko ya fito a 1937, sauran biyu suka biyo baya. Ginshiƙin kashi na farko sananne ne. Sarki ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuwa yana da mugun nufi, so ya ke yaron ya fita a hallaka shi. Kowane dare Musa ya yi ɗamara zai bi bayan rundunar, sai aku ya jawo wani labari, kafin ya kai ƙarshe gari ya waye, tafiya ta fasu. Haka aka yi ta yi har Sarki ya dawo, asirin Waziri ya tonu, aka naɗa aku a matsayinsa. A kashi na biyu ya yi gasar labari da akun wani sarki, a na uku kuma ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih yadda a ke ba da labari.

Dabarar nan ta tsuntsu mai tsare mutum da labari tsohuwa ce. Asalinta daga Indiya ne, inda a ke da wani littafi na labarun aku guda saba'in, daga can ta shiga Farisa, aka sake rubuta ta a ƙarni na 14 da sunan Tutinama. A can matar wani attajiri ce mijinta ya yi tafiya, tana so ta fita da dare wajen wani namiji, aku ya riƙa tsare ta da labari. Akwai wata tsuntsuwa a gidan wadda ta fara yi mata faɗa ƙiri-ƙiri, matar ta fusata ta kashe ta. Da aku ya ga haka sai ya sake hanya.

Gwanintar Imam ta bayyana wajen abin da ya musanya. Ya fid da matar da kwartonta, ya sa ɗan sarki da gadon sarauta, sai labarin ya zauna daram a ƙasar Hausa, inda kowa ya san fada da makircin fadawa, ya kuma dace da ɗakin makaranta. Aku kuwa ya dace da aikin da aka ba shi. Ba shi da takobi, ba shi da dangi a gari, ba shi da ƙarfin da zai tare ƙofa, ko yaro ƙarami ya iya murɗe masa wuya. Harshensa kaɗai ne makaminsa. Ya san in ya hana Musa kai tsaye zai jawo wa kansa, don haka sai ya naɗe gaskiya cikin labari ya miƙa. Ma'anar sunan littafin ke nan, kuma darasin bai tsufa ba ga duk talakan da ya taɓa tsayawa gaban mai iko.

Inda littafin ya yi daidai

Hausawa na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Aku ya karya wannan magana, don shi kukan gidan da ya sami kansa ya ke yi. Mutanen da sun ɗauka kwaikwayo ne kurum, kamar yadda dutse ke mai da amsa-kuwwa. Binciken masana ya nuna abin ya wuce nan.

A 1977 wata malama a Amurka, Irene Pepperberg, ta sayi wani aku irin na Afirka, mai launin toka da jar wutsiya, ta sa masa suna Alex. Ta yi shekara 30 tana aiki da shi, har ya mutu a 2007. Ya san sunayen abubuwa wajen 50, ya san launi 7, yana ƙidaya har 6. In an nuna masa abu biyu aka tambaye shi me ya bambanta su, ya kan ce launi, ko siffa, in kuwa babu bambanci ya ce babu. Hanyar da ta bi ta koya masa ita ma abin lura ce. Mutum biyu ke zama gabansa, ɗaya ya nuna abu ya yi tambaya, ɗaya ya amsa. In ya amsa daidai a ba shi abin, in ya kuskure a hana shi. Aku na gefe yana kallo, har kishi ya kama shi ya tsoma baki. Watau da kallo da saurare ya ke koyo, a cikin jama'a, kamar yadda Fasih ya zauna gaban ubansa.

A daji ma haka abin ya ke. An ji aku a kurmin Kwango suna kwaikwayon kukan waɗansu tsuntsaye. 'Ya'yansu su kan daɗe tare da iyaye bayan sun fara tashi, suna bin su suna ganin inda a ke samun abinci. To, da Imam ya zaɓi aku ya zama malami mai ɗalibi, bai yi nisa da halin tsuntsun ba, ko da ya ke ya riga binciken nan da shekara 40.

Iyakar abin ke nan. Aku ba ya ƙaga labari, ba ya kuma sanin abin da zai faru gobe, gaibu sai Allah. Babu mai hankalin da zai zargi marubuci don ya ba tsuntsu baki, tatsuniya ta gāji haka. Amma ya kamata mai karatu ya raba abin da ke na labari da abin da ke na tsuntsu, don akwai masu gaskata cewa aku na da wani asiri a jikinsa, har a waɗansu kasuwannin Afirka ta Yamma ana sayar da kansa da jan gashin wutsiyarsa don haɗa magani.

Abin da littafin ya bari

Aku ya shigo labarin a hannun mai sayarwa, da kuɗinsa a kansa. Daga nan hankalin littafin duk yana fada. Mai karatu zai rufe shi ya san zauren Sarki, da barga, da bayi, da 'yan ƙofa, amma ba zai san irin itacen da a ke ƙyanƙyashe aku a ciki ba. Ladan da aka ba shi ma irin na mutane ne, watau sarauta da girma. Littafin ya ba shi harshe da muƙami, bai tsaya ya tambayi gidansu ba. Nan ne babban giɓinsa in an auna shi da wannan ma'auni.

Aku mai launin toka ba tsuntsun ƙasar Hausa ba ne. Gidansa kurmi, tun daga Gana da kudancin Nijeriya, ya bi ta Kamaru da Gabon da Kwango har Uganda. Fatake ke kawo shi Arewa. A can yana cikin garke, da magariba su taru da yawa a kan dogayen itatuwa su kwana, da asuba su watse neman 'ya'yan itace, musamman kwakwar manja. Namiji da mace in sun haɗu su kan daɗe tare. Ba sa saƙa sheƙa, sai su nemi kogo a jikin tsohon itace mai tsawo, macen ta yi ƙwai kamar 2 zuwa 4. In an sare manyan itatuwa don katako, an rushe musu ɗakin haihuwa ke nan.

Yadda a ke kama shi ba abin daɗin ji ba ne. Masu tarko su kan shafa danƙo a jikin tsinke su kafa a inda garken ke sauka, su ɗaure wani aku a wurin don kukansa ya jawo 'yan'uwansa. Waɗansu kuma su hau itace su kwashe 'ya'yan daga kogo. Sa'an nan a cusa su cikin akwati, a bi da su doguwar hanya cikin zafi da ƙishirwa. Da yawa ke mutuwa kafin a kai kasuwa, har ya zama kowane aku guda da a ke gani cikin keji yana da 'yan'uwan da suka hallaka a hanya. Wanda ya tsira kuma yana iya yin shekara 40 ko fiye a tsare. Tsuntsun da aka halitta don taro, in an bar shi shi kaɗai, sau da yawa ya kan shiga fige gashin jikinsa da bakinsa sabo da ƙunci.

Daga 1975 zuwa 2013 an fitar da aku fiye da miliyan ɗaya daga Afirka zuwa ƙasashen waje, wannan kuwa lissafin waɗanda aka rubuta a takarda ne kawai. Wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna ƙasar Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunta tun daga 1992. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana shigo da tsuntsayen da aka kamo a daji a 2007. A 2016 kuma ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar cinikin namun daji, wadda a ke kira CITES, suka taru a Johannesburg ta Afirka ta Kudu, suka haramta cinikin akun daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Duk da haka 'yan fasa-ƙwauri ba su daina ba.

Ba a ce laifin Imam ne ba. A 1936 kurmi na cike, ba wanda ya zaci aku zai yi ƙaranci, kuma masu sayensa a Turai da ƙasashen Larabawa ba Magana Jari Ce suka karanta ba. Abin da a ke nufi shi ne, irin yabon da duniya ta yi wa tsuntsun nan, na Imam da na waɗanda suka riga shi, yabo ne na abin mallaka. Maganar da ta zama jari ga Waziri Aku ita ce ta zama sanadin bauta ga danginsa.

Hankaka da ɗan wani

Karin magana ita ma adabi ce, kuma ta fi littafi yawo, don wanda bai iya karatu ba ma yana ɗauke da ita. Ana yi wa hankaka kirari da mai da ɗan wani naka, bisa zaton wai ba ya ƙyanƙyashe nasa, sai ya ɗauko na wani tsuntsu ya rena. Waɗanda suka faɗi haka sun ga wani abu da idonsu, don lalle a kan sami baƙon ɗa a sheƙar hankaka. Fassarar ce ta kuskure. Hankaka na yin ƙwansa kamar kowane tsuntsu. Akwai dai wata tsuntsuwa mai tukku da doguwar wutsiya, mai ɗigon fari a bayanta, wadda ba ta yin sheƙa ko kaɗan. Sai ta faki idon hankaka ta saka ƙwanta cikin nasa, shi kuwa ya kwanta a kai, ya ƙyanƙyashe, ya yi ta wahalar ciyarwa. Masu nazarin tsuntsaye sun duba sheƙunan hankaki a Arewacin Nijeriya, suka buga bayanin wannan a 1977. Ashe wanda a ke kira ɓarawon 'ya'ya shi aka yi wa zamba. Alƙur'ani mai girma kuwa, a cikin Suratul Ma'ida, ya nuna hankaka ne ya koya wa ɗan Annabi Adamu yadda zai binne ɗan'uwansa. Kirarin bai yi wa hankaka wata babbar ɓarna ba, don tsuntsu ne mai wayo, yana nan da yawa a garuruwa. Amma ya isa misali cewa ido na iya gani daidai, baki ya yanke hukunci a karkace.

Ungulu

A wajen ungulu ne karkataccen hukunci ya yi ta'adi. In an duba karin maganar da aka yi a kanta, za a ga masu yin ta sun lura ƙwarai. An ce ungulu ba ta jewar banza, haka ne kuwa, don tana da kaifin ido, tana kuma kallon 'yan'uwanta a sama, in ɗaya ta sauka saura su bi. An ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya, wannan ma gaskiya ne, don a kan dogon itace ta ke sheƙa, ta kan kuma koma wa sheƙa guda shekara da shekaru. Amma dubi inda a ke amfani da maganganun. Ta farko ga mai kwaɗayi, ta biyu ga wanda ya koma mugun halinsa. In an yi wa mutum zamba a ce an yi masa ungulu da kan zabo. Kowace magana ta ɗauki halin kirki na tsuntsuwar ta mai da shi abin zagi.

Ga aikinta na ainihi. Ita ce mai sharar gari wadda ba a biya. Mushen da zai kwana uku yana wari, ƙudaje na ɗauka suna kai wa abinci, ungulaye kan share shi tun bai ruɓe ba. Ruwan cikinta na da kaifin da ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta. Sanƙon da a ke yi mata dariya a kansa ma yana da amfani, don kan da ba gashi ya fi sauƙin tsabtacewa bayan an tsoma shi cikin mushe. Haihuwarta kuwa kaɗan ce: ƙwai ɗaya tak a shekara, ta kwanta a kansa wajen mako 7, ɗan kuma ya yi wata 3 ko fiye kafin ya tashi. Tsuntsuwa mai irin wannan haihuwa, in an kashe goma, sai an daɗe ba a mai da gurbinsu ba.

Dattawa sun san lokacin da ba a yanka a kwata sai ungulaye sun kewaye mahauta, suna jere a kan katanga da rassan rimi. A garuruwa da yawa na Arewa yaro ya kan girma bai taɓa ganin ko ɗaya ba. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke shirin ƙarewa a duniya, ta sa ungulun gari cikin sahun waɗanda suka fi shiga hatsari. Dalilan sun haɗa da sare dogayen itatuwa, da gubar da a ke sa wa mushe don kashe kura ko karnuka, amma babba a Afirka ta Yamma shi ne tsibbu. Sabo da an ga tana hango abu daga nesa, sai aka ƙaga cewa kanta na ba mutum sa'a da sanin abin da ke tafe. Kasuwannin Nijeriya na cikin manyan wuraren da a ke wannan ciniki. A 2020 an sa wa ungulaye fiye da 2,000 guba a ƙasar Gini Bisau, aka tarar da yawa an yanke musu kai.

Wanda ya ke ganin wannan ba hasararsa ba ce, ya dubi abin da ya sami Indiya. Daga wajen 1992 ungulayen ƙasar suka shiga mutuwa, har waɗansu iri suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. A 2004 aka gano dalili: wani maganin ciwon jiki ne da a ke yi wa shanu, mai suna diclofenac, in saniya ta mutu da shi a jikinta ungulu ta ci, sai ƙodarta ta lalace. Aka hana ba dabbobi maganin a 2006, amma ɓarna ta riga ta auku. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, ruwan sha ya gurɓata, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Wani bincike da aka buga a 2024 ya kiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutum wajen 500,000 a Indiya tsakanin 2000 da 2005. Ba a san amfaninta ba sai da ta tafi.

Shamuwa

Kada mai karatu ya ɗauka maganar gargajiya kullum cuta ta ke yi. Ga shamuwa. Tun kaka da kakanni an ce zuwanta alamar damina ce, manomi in ya gan ta sai ya gyara fartanya. An kuma hori yara kada su jefe ta ko su taɓa ƙwanta. Shamuwa ba ta kawo ruwa, bin sa ta ke yi. Ta kan iso ƙasar Hausa gab da faɗuwar ruwan fari, ta yi sheƙa ta yi 'ya'ya, don a lokacin ne fara da tsutsa da kwaɗi ke yawa. In kaka ta yi sai ta tashi ta bi damina zuwa wani wuri. An taɓa ɗaura wa waɗansu 'yar na'ura a ƙasar Nijar, aka bi sawunsu ta tauraron ɗan Adam, aka ga sun kai Tanzaniya da ƙasashen da ke kudu da ita, sa'an nan suka juyo. Farin da ta ke ci kuwa shi ne mai cinye gero, watau albarkar da a ke faɗa tana da tushe.

Abin lura shi ne inda ta ke zaɓa ta yi sheƙa. Ta bar daji ta shigo tsakiyar ƙauye, ta sauka a kan itacen da mutane ke zama a gindinsa, don ta ga nan ba a taɓa ta. Ba ɗan doka ke gadinta ba, ba a kuma kafa mata allo ba. Magana guda da uwa ke faɗa wa ɗanta ita ta tsare ta shekaru aru-aru, ba ta kuwa cikin tsuntsayen da a ke jin tsoron ƙarewarsu.

Hukunci

In an tara waɗannan huɗu za a ga abu guda. An yabi aku yabon dukiya, ya ƙare a keji. An zagi ungulu aka kuma jingina mata asiri, ta ƙare a buhun boka. An yi wa hankaka ƙazafi, wayonsa ya fisshe shi. An kira shamuwa baƙuwar alheri, ta zauna lafiya. Adabin Hausa ya iya kallon tsuntsu, sai dai yawanci ya kan kalle shi ne don ya ga mutum a ciki, ya sami abin yi wa maƙwabci habaici. Ba safai ya kan tsaya ya tambayi yadda tsuntsun kansa ya ke ba.

Hukuma ta yi nata. An keɓe dajin Yankari a 1956, Nijeriya ta kafa dokar kare namun dajin da ke shirin ƙarewa a 1985, an kuma sa fadamar Nguru cikin jerin dausayin da duniya ta yarda a kiyaye a 2000, sabo da dubban tsuntsayen da ke zuwa can daga Turai su ci rani. Ƙungiyar kiyaye halittu ta Nijeriya, NCF, ta zauna da masu maganin gargajiya don su musanya sassan ungulu da itatuwa. Duk wannan aiki ne mai kyau. Amma ma'aikacin gandun daji ba ya iya kwana a gindin kowace tsamiya. Abin da ke hana hannun yaro ɗaukar dutse sa'ad da ba mai ganinsa shi ne abin da aka faɗa masa tun yana ƙarami.

Ba a kuwa rasa tushen da za a yi gini a kai ba. Suratul An'am ta bayyana cewa tsuntsaye al'umma ne kamar mutane. An kuma ruwaito cewa waɗansu sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a kan hanyar tafiya, uwar ta zo tana kaɗa fukafukai, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce su su mayar mata da 'ya'yanta. Wanda ya san wannan ba ya bukatar Bature ya gaya masa kwashe 'ya'yan aku daga kogo zalunci ne.

Magana Jari Ce na nan a matsayinsa, ba abin da zai rage shi. Imam ya yi aikin zamaninsa, ya sa dubban mutane son karatu. Bashin da ya rage yana wuyan marubutan da suka biyo bayansa, da malaman da ke karanta wa ɗalibai littafin, da iyayen da ke yi wa yara tatsuniya. Malami in ya kai ƙarshen labarin aku, ya ƙara wa ɗalibansa da labarin kurmi. Mai tsara waƙa ya tuna ungulu ta cancanci baiti ko don sharar da ta yi wa gari. Mai neman abin rubutawa kuma ga labari yana jiransa: ranar da Fasih zai dubi ubansa ya tambaye shi ina ne garinsu, su wane ne kakanninsa, da yadda aka yi suka zo fada. Allah ya sa a sami mai rubuta amsar tun da sauran aku a kurmi.